Nasiha a kan Bashin Noma da Amanar Masu Riƙe da Shi

  

Ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai masu karanta wannan takarda, ku sani ni mutum ne mai allo da fartanya. Ban zauna ajin boko ba ko da yini ɗaya. Abin da zan kawo muku na lissafi da labarin ƙasashe, almajiraina masu karatun jarida ne suka karanta mini, na yi ta maimaita tambaya har zuciyata ta natsu, sa'an nan na rubuta. Dalilin ɗaukar alƙalamina kuwa wani abu ne da ya faru a zaurena.

A kakar 2023 wani bawan Allah ya yi sallama, ya durƙusa, ya ce: "Allah ya gafarta malam, na zo in tafi da yaron nan." Yaron shekararsa 12, ya haye izu 20, kansa na ja ƙwarai. Na ce masa, "Lafiya dai?" Ya ce, "Malam, gona ta tafi jingina. Sai ya shiga birni ya yi dako mu sami na tuwo." Na zaunar da shi, ya ba ni labari. Da bazara wani mutum ya zo garinsu yana rubuta sunayen manoma, wai za a ba su rancen taki da iri. Ya ba da sunansa, ya biya kuɗin takarda, ya zauna jira. Aka yi shuka, aka yi noman fari, shiru. Da ya ga gero ya fara ja, sai ya tafi wurin wani ɗan kasuwa ya karɓi kuɗi a kan zai biya da hatsi idan kaka ta yi, ba rubutu, ba shaida. Takin can kuwa bai iso ba sai da gero ya fid da kai, rabin abin da aka rubuta masa, amma bashin aka rubuta shi cikakke. Da kaka ta yi, masu bin bashi biyu suka tsaya masa a ƙofa. Ɗan kasuwa ya ce buhu 5 suka yi, shi ya ce 3. Da aka je gaban manya, maganar mai kuɗi ta fi nauyi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, gama nufina gyara ne ba tozarta wani ba.

Ku lura, mutumin nan bai rasa mai ba shi bashi ba, har biyu ya samu. Abin da ya rasa shi ne magatakarda mai gaskiya, da shaida, da mai hukunci wanda yake duban hujja ba fuska ba. To, maganata duka ke nan a cikin wannan takarda: bashin noma yana rage talauci idan masu riƙe da shi suna da amana kuma tsarinsu ya gyaru, idan babu wannan, kome yawan kuɗin da aka zuba, matalauci ne zai fita da asara.

Fasali na fari: dalilin da ya sa manomi ba ya rabuwa da bashi

Kada wani ya zaci ina cikin masu cewa manomi ya guji rance. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, manomi kuwa ya fi kowa uzuri. Domin shi kashe kuɗinsa da bazara ne, samunsa kuwa sai kaka, tsakaninsu wata 4 ko 5, kuma a cikin watannin nan ne rumbu yake ƙarewa. Wanda ba shi da abin riƙo sai ya shuka ba taki, ko kuwa ya tafi ƙwadago gonar wani alhali ciyawa na cinye tasa. Da kaka kuma, lokacin da kowa ya kai hatsi kasuwa farashi ya faɗi, sai ya sayar domin biyan bashi da hidimar gida; da marka kuma ya koma ya sayi hatsin nan da tsada. Haka shekara take juya shi, yana sayarwa da araha yana saye da tsada, har gonar ta fita hannunsa. Rance mai kyau a kan lokaci shi ne yake yanke wannan igiya.

Mutanenmu tun da suna da tasu hanya. Wani masani Ba'amurke mai suna Christopher Udry ya zauna yana bin ƙauyuka 4 na ƙasar Zazzau a 1988 da 1989, ya tarar kusan dukan rancen da ake yi tsakanin maƙwabta da dangi ne, mafi yawa ba jingina, kuma idan wata masifa ta sami wanda ya ci bashin, sai a sassauta masa. Abin da ya riƙe wannan rance shi ne sanin juna da kunyar jama'a. Amma rancen maƙwabta ƙarami ne, kuma shekarar da fari ya game gari, mai bayarwa da mai karɓa duk hannunsu wofi. Bankunan kasuwa kuwa, ko da yake noma ya kai kusan rubu'in abin da Nijeriya take samarwa a shekara, abin da suke ba noma bai kai kashi 10 cikin 100 na rancensu ba. Suna neman takardar mallakar fili, alhali tun dokar ƙasa ta 1978 aka danƙa filaye a hannun gwamna, jinginar da fili ga banki kuwa sai da yardar hukuma, kuma gonar gado a ƙauye da wuya ka ga mai takardarta. Saboda haka shigar hukuma cikin wannan al'amari daidai ne. Tambaya ita ce yadda take shiga.

Fasali na biyu: abin da aka gwada a Nijeriya

Ku sani hukumar Nijeriya ba yau ta fara ba. A 1973 bankin manoma ya fara aiki a Kaduna. A 1977 aka yi dokar asusun lamuni, wanda yake ɗaukar wa banki kashi 75 cikin 100 na abin da manomi ya kasa biya. Mafi girma duka shi ne shirin da ake kira Anchor Borrowers, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Birnin Kabi cikin Nuwamba 2015, kuɗinsa kuwa daga Babban Bankin Nijeriya. Tsarinsa a takarda kyakkyawa ne: a tara ƙananan manoma ƙungiya ƙungiya, a ba su iri da taki da magani da 'yan kuɗin aiki, sa'an nan wani babban mai saye, kamar mai injin casar shinkafa, ya tsaya zai karɓi amfanin da kaka, a cire bashin daga ciki.

Gaskiya ɗaya ce, ba na hana mai alheri alherinsa. Noman shinkafa ya ƙaru a shekarun nan, an kafa injinan casa da yawa, wasu manoma sun amfana. Cikin Janairu 2022 har aka jera dalar buhunan shinkafa a Abuja aka yi biki. Amma ku saurari lissafi. A farkon 2023 Babban Banki da kansa ya ce ya fitar da sama da naira tiriliyan 1 ga manoma sama da miliyan 4, kuma abin da aka biya ya kai wajen kashi 52 cikin 100 na wanda ajalinsa ya yi. Asusun Ba da Lamuni na Duniya kuwa ya ce kashi 24 ne kaɗai aka biya. Kowa da irin ƙirgarsa. Ko mun ɗauki ƙirgar bankin, kusan rabin bashin bai dawo ba. Cikin Nuwamba 2022 kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133, watau kashi 63 cikin 100 na jama'a, suna cikin talauci ta fuskoki da yawa, na abinci da lafiya da karatu da muhalli; a ƙauyuka kashi 72 ne, a birane kashi 42. Bayan an canja shugaban Babban Banki cikin Satumba 2023, sabon shugaban ya ce bankin zai janye hannunsa daga irin wannan rabon rance. Ƙofar da aka buɗe da kiɗa sai aka rufe ta shiru.

Na sani an yi ambaliya a Kabi a 2020, an yi wadda ta game ƙasa a 2022, kuma 'yan bindiga sun hana mutane da yawa zuwa gona. Wannan uzuri ne na gaskiya. Amma kukan da manoma suka yi ta yi a jaridu da rediyo ya haɗa da kayan da suke zuwa a makare, da sunayen waɗanda ba su san hanyar gona ba a cikin jerin manoma, da masu ɗaukar rancen a matsayin rabonsu na dukiyar ƙasa wanda ba a biya. Ruwan sama ba shi ya rubuta sunan wanda ba manomi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Fasali na uku: ginshiƙai huɗu

Masana na zamani suna da wata magana da suke kira ingancin hukumomi. Da aka fassara mini ita sai na ga abin da muke karantawa ne tun muna yara. Kowane almajiri ya sani aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani ita ce ayar bashi, ta 282 a Suratul Baƙara. Ba ta tsaya kan yawan dukiyar da za a ranta ba. Ta tsaya ne kan ajali sananne, da rubutawa, da marubuci mai adalci, da cewa wanda bashin ke kansa shi ne zai yi shifta, da kafa shaidu. Ayar da ke bayanta ta yi maganar jingina da riƙon amana, wata kuma gabaninta ta yi umarni da jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci. Daga nan na fitar da ginshiƙai huɗu, zan kuma nuna yadda rushewar kowane ɗaya take faɗawa a kan matalauci kafin kowa.

Na ɗaya, magatakarda. Rancen hukuma yakan zo da sauƙi fiye da na kasuwa, abin da yake da sauƙi kuwa masu nemansa sun fi yawansa. To, wa zai zaɓa? Mai riƙe da littafi. Idan ba ya tsoron Allah kuma ba mai duba aikinsa, sai ya rubuta ɗan'uwansa, da yaron ɗan siyasa, da wanda ya ba shi goro. Ta haka arahar da aka yi domin matalauci take zama ganimar mai ƙarfi, kuma gwargwadon arahar gwargwadon cunkoson manya a ƙofa.

Na biyu, ajali. Noma ibada ce mai lokaci, kamar yadda ba a sallar asuba da hantsi a ce an yi ta a kan kari. Takin da ya zo bayan gero ya fid da kai bashi ne ba amfani. Ma'aikacin da ake auna aikinsa da yawan abin da ya raba, ba da yawan abin da ya dawo ba, bai damu da ranar da kaya suka isa ba.

Na uku, shaida da alƙali. Inda shari'ar bashi take ɗaukar shekaru, ko kuwa hukunci yake bin mai kuɗi, abu biyu ne suke faruwa. Mai dukiya na kirki yakan riƙe dukiyarsa domin tsoron ba za ta dawo ba, sai fili ya rage wa azzalumi mai ninka bashi. Sa'an nan babban mutum ya ci bashin miliyoyi ya yi kwanciyarsa, ƙaramin manomi kuwa a kama akuyarsa. Idan jama'a suka ga manya ba sa biya, su ma sai su ƙi, asusu ya ƙafe, wanda ya biya da wanda bai biya ba duk a rufe musu ƙofa. Dukiyar baitulmali da ta salwanta kuwa ba ta ɓace a iska ba. Jama'a duka ne suke biyanta, ta hanyar haraji, da tsadar kaya, da asibitin da ba a gina ba.

Na huɗu, jinkiri ga mai uzuri. Wanda ambaliya ta cinye gonarsa haƙƙinsa ne a saurara masa, amma da bincike, a san wane ne ruwa ya ci, wane ne ya ci kuɗin da kansa. Yafe bashi ga kowa da kowa idan zaɓe ya matso ba jinƙai ba ne, koya wa mutane ƙin biya ne, kuma cin fuska ne ga wanda ya sayar da ragonsa ya sauke nauyi.

Fasali na huɗu: banki ɗaya, hali biyu

Domin kada a ce wannan wa'azi ne kawai, bari in kawo muku labarin wata ƙasa mai nisa a gabas wadda ta yi irin kuskuren nan sa'an nan ta gyara, watau Indunisiya. Ƙasa ce mai ɗimbin Musulmi, abincinta shinkafa, kuma a lokacin tana da kuɗin man fetur kamar tamu. Hukumarsu ta kafa wani shiri mai suna Bimas domin yawaita shinkafa, aka buɗe ƙananan rassa na wani bankin hukuma mai suna Bank Rakyat Indonesia a karkara, har suka kai wajen 3,600. Ana ba da rance da araha, ma'aikatan gona ne suke tsara wanda za a ba, aikin reshe kuwa miƙa kuɗi. Shinkafa ta yawaita, har a 1984 ƙasar ta ciyar da kanta. Amma rancen kansa ya lalace: bashin da ba a biya ba ya yi ta taruwa, manoma suka riƙa janyewa, rassan suna asara kowace shekara. Da kuɗin mai ya faɗi, a 1983 hukuma ta ga ba za ta iya ci gaba da cike ramin ba. Ya rage ko a rufe rassan ko a gyara su.

Suka zaɓi gyara, aka fara a 1984. Kowane reshe aka ba shi littafinsa na kansa, a ga ribarsa da asararsa a fili, ba mai ɓoyewa a cikin lissafin wani. Ma'aikacin reshe shi ne yake zaɓar wanda zai ranta wa, kuma ladansa yana ƙaruwa idan reshen ya yi kyau. Wanda ya biya a kan lokaci ana mayar masa da wani abu daga cikin abin da ya biya, kuma a ba shi wanda ya fi girma a karo na gaba. Aka bar mutum ya sa kuɗin a sana'ar da ya sani, noma ko kiwo ko saye da sayarwa. Sa'an nan aka buɗe wa ƙauyawa ajiya wadda za su iya cirewa ranar da suka so. Cikin kamar shekara 2 rassan suka daina asara. Kafin 1990 ajiyar mutanen karkara ta fi rancen da ake ba su yawa, watau da kuɗin ƙauye ake ranta wa ƙauye. Da rikicin kuɗi ya auka wa ƙasar a 1997 da 1998, manyan kamfanoni suka kasa biyan bashi, ƙananan mutanen karkara kuwa suka ci gaba da biya.

Ku duba da kyau: banki ɗaya ne, gine-gine ɗaya, ƙauyuka ɗaya, mutane ɗaya. Ba a sauko da mala'iku ba. Abin da ya canja shi ne wa yake riƙe da littafi, wa yake duba shi, me mai gaskiya yake samu, me maha'inci yake rasawa. A ƙirgar hukumarsu, matalauta sun ragu daga kashi 40 cikin 100 a 1976 zuwa kashi 11 a 1996. Ban ce rance kaɗai ya yi wannan ba. Hanyoyi da madatsun ruwa da makarantu da ingantaccen iri duk suna ciki, kuma mafi talaucin mutane sun fi amfana da ajiyar fiye da rancen. Amma ƙofar ta zauna a buɗe shekara da shekaru, manomi ya san idan ya biya bana zai samu baɗi.

Fasali na biyar: amsa ga masu tambaya

Idan wani ya ce: "Malam, ai bankin nan da kake yabo kuɗin ruwa yake karɓa." Sai in ce: gaskiya ne, kuma ban halatta abin da Allah ya haramta ba. Abin da na yaba shi ne tsarin amana da lissafi, hikima kuwa ana ɗaukarta inda aka same ta. Muna da hanyoyi na halal a cikin littattafanmu. Akwai cinikin salamu, wanda ake biyan kuɗi yanzu a karɓi hatsi daga baya, da sharaɗin a san nau'insa da awonsa da ajalinsa. Akwai ƙiradi, akwai sayar da taki da ajali a kan farashi sananne. Bankin da ba ya mu'amala da ruwa ma ya fara aiki a Nijeriya tun 2012. Amma ku sani sunan halal kaɗai ba ya tsare matalauci. A Sudan, cikin shekarun 1990, bankuna sun ba manoma kuɗi ta hanyar salamu, alhali darajar kuɗin ƙasar tana zubewa. Farashin da aka yanke da shuka sai ya zama cuta da girbi, har sai da aka ƙara sharaɗi a cikin takarda na gusar da wannan cuta. Ɗan kasuwan da na ba ku labarinsa ma, a baki salamu ya yi. Rashin rubutu da shaida ne ya mayar da shi zalunci.

Idan wani ya ce: "Ai manoman ne ba su da gaskiya, suna karɓar taki su sayar, su ƙara aure." Sai in ce: idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai masu yin haka, kuma laifinsu a wuyansu yake. Amma manomin nan da ya ƙi biyan hukuma shi ne yake biyan maƙwabcinsa, shi ne ba ya saɓa zubin adashi. Me ya sa? Domin maƙwabci ya san shi, ya ba shi a kan lokaci, kuma zai sake ba shi. Mutum ɗaya ne, hali biyu, gwargwadon wanda yake mu'amala da shi.

Idan kuma wani ya ce: "Gyaran hukuma abu ne mai nisa, mu talakawa me za mu yi kafin nan?" Sai in ce: ku dubi maƙwabtanmu na Nijar. Tun wajen 1999, da taimakon Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙungiyoyin manoma a ƙauyuka suka fara wata dabara. Da kaka, maimakon a zubar da hatsi a kasuwa da araha, sai a tara shi a ɗakin ajiya ɗaya, a rubuta buhun kowa, a sa wa ƙofa kwado biyu: mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. Sai a ranta wa manomi kuɗi ƙasa da kimar hatsinsa, ya yi sana'ar rani da su. Idan bazara ta gabato ya biya, a buɗe ɗaki, ya ɗauki hatsinsa lokacin da ya yi daraja, ya ci ko ya sayar ya sayi taki. Shekarar da farashi bai tashi ba ribar takan ƙaranta, abin da ke cikin rancen na ruwa kuma sai malamai su nema masa hanyar halal. Amma ku dubi kwado biyun nan. Ba wanda zai buɗe shi kaɗai, saboda haka ba a bukatar takardar gwamna, ba a bukatar sanin wani babba. Ingancin hukuma ke nan a ƙaramin siffa, kuma bai fi ƙarfin kowane gari ba.

Khatima

Ga masu mulki ina cewa: kafin ku faɗi yawan biliyoyin da za ku raba, ku faɗi wa zai rubuta sunaye da wa zai duba shi. A karanta jerin sunayen a bainar jama'a a kowane gari, domin mutanen gari sun san mai gona da marar gona. A kai kaya kafin ruwan shuka, in ba haka ba kada a rubuta wa manomi bashinsu. A fara karɓar bashi daga manya kafin ƙanana. A sauƙaƙa takardar gona. A kuma bayyana lissafi kowace shekara, na abin da ya fita da abin da ya dawo.

Ga 'yan'uwana malamai ina cewa: nauyi yana kanmu. Mun yawaita karantar da babin tsarki da salla, mun bar babin ciniki sai wanda ya yi nisa, alhali mutanen da ke bayanmu a sahu kowace damina suna cikin bashi. Mu karantar da shi kafin saukar ruwa, da Hausa, a masallaci. Mu gaya wa manomi rancen hukuma bashi ne, dukiyar marayu da gajiyayyu tana ciki, ana tambayar mutum a kansa. Mu gaya wa mai kuɗi buhu ɗaya a biya biyu haramun ne, ko da an sake masa suna. Mu gaya wa mai riƙe da littafi goron da yake karɓa rashawa ce. Sa'an nan mu zama marubuta da shaidu. Tun bayan abin nan da ya faru, na sanar a garinmu duk mai cin bashi ko bayarwa ya zo zaurena. Ina rubutawa da ajami, takarda biyu, da awo da ajali da sunan shaidu biyu, wanda bashin ke kansa shi yake faɗa ina rubutawa, ba na karɓar ko kwabo. Wasu masu kuɗi sun ƙi zuwa, jama'a kuwa sun gane dalilin ƙinsu.

Ga almajirai ina cewa: ku koyi lissafi tare da karatu, ku iya awo da ƙirga, domin gobe ku ne za ku karanta wa iyayenku takarda kafin su dangwala hannu.

Yaron nan har yanzu bai dawo ba. Allonsa yana jingine a zaure, na hana a wanke shi. Mahaifinsa yana tara abin fansar gonarsa, kuma wannan karon jinginar a rubuce take, da shaidu. Allah ya warware masa, ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, ya sauke wa kowane mai bashi nauyinsa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni. Wanda ya ga gyara ya rubuto, zan karɓa da godiya.